Takwaran Alfredo

Abu na farko da Jidda ta ƙwace mini sunana ne. Tun a filin jirgi wani mai kaki ya daka mini tsawa, "Ya Muhammad, yalla!" Na waiga ina neman Muhammadun da ake wa magana, ashe ni ne. Sunana Habibu, haka Liman ya raɗa mini a Gumel. Amma a garin nan duk baƙon da ya zo neman abinci Muhammad ne, in kuma an ga dama a ce masa "sadik", wato aboki, kuma ban taɓa jin an kira mutum aboki da irin wannan raini ba. Kada ka ɗauka girmama sunan Annabi ne ya sa. Ƙyuyar tambaya ce kawai.

A gida ma akwai waɗanda ba sa kama sunana. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa cewa Habibu ba, saboda ni ne ɗan farinta. Mahaifina kuwa, Malam Idrisu, har ya koma ga Allah ba ta taɓa furta sunansa ba, Malam take cewa. Wancan kunya ce. Na Jidda wulaƙanci ne, kuma ko kurma zai bambance su.

Zangona na farko Ammariyya, wata unguwa a cikin Jidda. Ejan da ya yi mini biza a gida ya rantse cewa aikin direba zan yi, in kai wata Hajiya kasuwa in dawo da ita cikin sanyin mota. Da wannan labarin na baro matata Zulai da ƙaramin ciki. Wanda ya tarbe ni wani ɗan ƙasarmu ne da ya mayar da kansa Balarabe ƙarfi da yaji, jallabiya fara fat, Hausa kuma sai ya yi yatsina kafin ta fito. Ya karɓe fasfona wai za a gyara takardu, ya zuba ni a wani ɗaki saman shago tare da wasu irina. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, amma ƙara kaɗai ta iya. Muka yi ta zaman jira muna cin burodi da wake, har wata rana ya leƙo ya ce kafilina ya fasa ɗaukar direba. Kafili shi ne mutumin da sunansa ke kan takardunka, da yardarsa kake aiki, da yardarsa kake numfashi. Wai yana da gidan abinci a Abhur, ana neman mai wanke tukwane.

Na ce, "Amma ai ni direba ne."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Halas, to tuƙa kanka ka koma Gumel."

Zango na biyu unguwar Nuzla, wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya daɗe a Jidda har ya zama shi ne babban 'yan garinmu. Lungu cikin lungu na bi, ina tsallake ruwan wanke-wanke, ina tambayar gidan Baffa Ajuji. Babu wanda ya san shi. Sai da na kwatanta shi, gajere mai sayar da turare, sannan wata mata ta ce, "Au, Abu Faisal kake nufi!"

Bari in gaya maka yadda aka yi Abu Faisal ya samo sunan Ajuji. Bayan mahaifina, kakarmu ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna mutuwa. Da aka haife shi sai tsofaffi suka ba ta shawara ta kai shi juji ta kwantar na ɗan lokaci, don aljanun da ke ɗauke mata 'ya'ya su ɗauka shara ce su wuce. Dabarar ta yi aiki. Aljanu suka tsallake shi, mu muka gaje shi. A Gumel babba da yaro Ajuji suke ce masa, amma da ya sha ruwan Jidda sai ya binne sunan, ya ɗora jan ƙyalle a ka, ya riƙe carbi mai tsada.

Ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma a soron sama, tare da wa'azin da ya fi tabarmar tsawo. In riƙe salla, in guji abokan banza, in tuna cewa shi ne ubana a ƙasar nan. Wannan ta ƙarshen ya fi maimaitawa, musamman in akwai mutane.

Zango na uku Abhur, can arewacin gari a bakin teku, inda masu hali ke da gidajen shaƙatawa. Gidan abincin namu wai na Italiya ne. An manna hotunan wasu tsofaffin gine-gine a bango, an sa kiɗan Turawa, amma kaf gidan babu wanda ya taɓa taka Italiya. Kafilin ban taɓa ganinsa ba. Mudir, wato manaja, shi ne sarki, mutum mai turare kamar an yi ɓarinsa, wanda bai san kowa ba sai da "sadik".

Abincin da aka fi rububi wata taliya ce mai faɗi cikin farar miya. Ranar da na fara ganinta na ɗauka ba a gama dafawa ba. Man shanu ne da madara mai kauri da cuku, sai ɗan gishiri. Ba tattasai, ba attaruhu, ba daddawa, ba abin da zai sa mutum ya san ya ci abinci. Amma sai ka ga samari sun faka motoci masu kama da jirgi, 'yan mata sun ɗauki farantin hoto ta gaba ta baya, sun ci loma uku sun ture. Ragowar ni take jira a wurin wanki, ta daskare kamar farin fenti. Sunan miyar Alfredo. Yini ake masu sabis, wato masu kai abinci teburi, suna leƙo kai ta taga suna ihu, "Alfredo ɗaya! Alfredo uku!"

Mai dafa ta wani dattijo ne ɗan Filifin, siriri, mai furfura, ba ya son magana. Kirista ne, akwai ƙaramin gicciye a wuyansa cikin riga. Mudir na ce masa sadik, masu sabis na ce masa shef. Ni ma shef nake ce masa, ban kuwa damu da shi ba. Larabcinmu na 'yan ci-rani ne, guntu-guntu, da hannu ake ƙarasa shi.

Magudanar ruwan kicin ta daɗe da toshewa. An gaya wa mudir ya ce inshallah, wanda a bakinsa ke nufin har abada. Wata Juma'a da rana, gida ya cika maƙil, na ɗauko babbar tukunyar ruwan taliya yana tafasa zan zubar, santsi ya kwashe ni. Ruwan ya sauka a ƙafata ta dama, daga gwiwa har idon sawu. Ihun da na yi, ina jin har masu wanka a teku sun ji.

Mudir ya shigo da gudu. Wallahi tukunyar ya fara dubawa. Sannan ya dubi ƙafar, ya toshe hanci, ya ce a shafa mini man goge baki. Na ce asibiti. Ya ce da wace iƙama? Katin zamana ke nan, wanda kafili ya yi ta jan ƙafa bai fitar ba, kuma in babu shi kai da ɓarawo ɗaya kuke a idon hukuma. Ya ƙara da cewa in gobe bai gan ni a bakin aiki ba zai kai rahoto cewa na gudu.

Dattijon nan ne ya taso. Ya kashe wuta, ya bar odar mutane a kan teburi, ya ja ni zuwa famfo ya sakar wa ƙafar ruwan sanyi, ya riƙe ni ina karkarwa har zafin ya ɗan lafa. Ya naɗe ta da ledar rufe abinci. Mudir na ta zage-zage a kansa, shi ko kallo bai ishe shi ba.

Na kira ubana na ƙasar nan.

Baffa ya ce, "Subhanallahi! Allah ya sawwaƙe, Allah ya sa kaffara ce. To amma Habibu, kada ka taho Nuzla da ciwo haka. Ka san ana kame kwanan nan, kai kuma ba iƙama. In aka biyo ka, gida guda za ka jawo wa. Ka yi haƙuri a nan, zan aiko maka da rubutu."

Rubutun nan har yau yana hanya.

Shef ne ya kai ni ɗakinsa da ke bayan kicin, wani akurki da gado ɗaya. Ya ba ni gadon, ya shimfiɗa kwalaye a ƙasa. Ya je kantin magani ya sayo man ƙuna da bandeji. Kullum da safe sai ya durƙusa ya wanke ƙafar nan, ranar da take wari ma bai taɓa kawar da kai ba. Ya ajiye mini kujera gaban wurin wanki don in mudir ya leƙo ya gan ni a bakin aiki ina ɗauraye cokula, manyan tukwanen kuwa shi yake wanke su bayan ya gama girkinsa. Da ya ga alwala na ba ni wuya, ya sauka bakin teku ya ɗebo yashi a faranti ya ajiye mini don taimama. Ya ja akwatinsa gefe, ya nuna mini alƙibla da haɓa. Ya daɗe a ƙasar, ya san komai.

Da Inna ta kira ta ji muryata ba daidai ba, dole na gaya mata. Ta ce, "Wa ke jinyar taka? Baffanka?" Na ce a'a, wani Kirista ne mai dafa abinci. Can ta ce in gaishe shi, in ce masa wata tsohuwa a Gumel ta gode.

Abu ɗaya ne ya haɗa ni faɗa da shi: farar miyar nan. Zazzaɓi ya hana ni cin komai, shi kuma ya dage sai na ci. Na ce masa wannan ai abincin marasa lafiya ne.

Ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa. "To kai lafiyarka ƙalau?"

Sannan ya ba ni labarinta. Wai a birnin Rum aka yi wani mai gidan abinci, matarsa ta haihu ta kasa cin komai. Sai ya dafa taliya ya juya ta da man shanu da cuku ya kai mata, ta ci. Ya fara sayar wa baƙi, suka kai labari ƙasashensu, aka laƙaba wa abincin sunansa. Madarar ma daga baya wasu suka ƙara.

Na yi dariya har ƙafar ta amsa. Ashe kunun jego ne! Abin da ake dama wa mai jego a ba ta a ƙuryar ɗaki, shi ƙartin Abhur ke sa turare su zo su ci da cokali mai yatsu suna hura hanci. Tun daga ranar in na ga saurayi ya yi odar ta, a raina nakan ce masa barka da sauka lafiya.

Na cinye farantin. Yana karɓa sai ya ce, "Ni ma sunana ke nan. Alfredo."

Na ce na sani, saboda miyar.

Ya girgiza kai. "Haka mudir ma yake zato. Ranar da na gaya masa dariya ya yi, ya ce wasa nake. Ni ba sunan miya na ci ba. Sunan kakana ne, masunci. Mutanen Sifen ne suka kawo mana sunan lokacin da suka mulke mu, tun ba a san za a yi wata miya ba." Ya nuna tagar kicin. "Yini ake ana kiran sunana a can. Ko sau ɗaya ba da ni ake ba."

Kunya ta kama ni, don ni ma da yake wanke wa ƙafa ban taɓa tambayarsa ba. A bango akwai hoton 'ya'yansa mata uku, duk sun girma ba ya nan. Ya ce ba shi da namiji, sunan kakansa daga kansa ya ƙare.

A nan na yi maganar da Bahaushe ke yi idan alheri ya fi ƙarfin godiya. Na ce masa matata na da ciki, in namiji ne zan yi masa takwara. Bai gane ba, na yi masa bayani: a wurinmu babu tukuicin da ya kai ka ɗauki sunan mutum ka sa wa ɗanka, ya zama duk inda aka kira yaron an tuna da shi.

Ya daɗe yana kallona. "Habibu, kada ka faɗi abin da ba za ka iya ba."

Na ce, "Inshallah."

"Inshallah ta mudir, ko ta gaske?"

Na kama hannunsa na ce ta gaske.

Na warke, da tabo kamar taswira. Iƙama ta fito daga baya. Alfredo ya fara koya mini girki, don mudir ya riga ya sanar da shi ba za a sabunta masa kwantiragi ba, wai ya tsufa. Ya gaya wa 'ya'yansa labarin takwara. Wata rana na ga ya ɓoye wata 'yar leda a akwati, da 'yar hular jarirai da safa a ciki. Na yi kamar ban gani ba.

Zulai ta sauka lafiya, namiji.

Ranar hutuna na tafi Nuzla in gaya wa Baffa, don ko ba komai shi ne a madadin mahaifina, ba a yanke suna bai sani ba. Na tarar da shi a zaure da jama'arsa ana shan shayi. Cikinsu akwai Fahad, mai shagon gyaran waya, haifaffen Jidda, wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Aka yi barka, aka yi addu'a. Baffa ya gyara zama ya ce wane suna na tanada. Na faɗa.

Sai wani ya fashe da dariya. "Alfredo? Ba miyar taliya ba ce? To gobe ni ma in na haihu Kuka zan sa, ƙanwarsa Kuɓewa!"

Aka kwashe da dariya har da buga cinya. Na ce sunan mutum ne kafin ya zama na miya, kuma mutumin shi ya yi jinyata. Ban ƙara da cewa lokacin da wasu ke tsoron kame ba, amma na ga Baffa ya ji ta. Ya juya ga Fahad. "Duba mana asalin sunan nan a wayarka."

Fahad ba mugu ba ne, abin da ya gani ya karanta. "Tayyib, ya ammi. Sun ce Alfredo haka mutanen Italiya da Isbaniya suke faɗa, amma asli daga Ingila ne, Alfred, ism ƙadim marra, tsohon suna ne ƙwarai, har wani sarkinsu na da can ya yi shi. Kalma biyu ce aka haɗa. Ta biyun yaʿni shawara. Ta farkon..." Ya sake duba wayar. "Wasu ƙananan halittu ne da Turawan da suke cewa suna zama a daji, ba a ganinsu. Yaʿni zayy al-jinn."

"Aljanu?" in ji Baffa.

"Taƙriban, kusan haka. Amma ya ammi, su suna nufin mutum mai hikima ne, mu kida..."

Baffa bai bari ya ƙarasa ba. Ya miƙe tsaye, carbi na rawa. "Shawarar aljanu! Kun ji ko? Jinin Malam za a ɗauka a miƙa wa aljanu su riƙa ba shi shawara! Miya ba ta ishe ka ba sai ka haɗa da shirka?"

Na zauna ina kallon mutumin da aka kwantar a bola saboda aljanu yana yi mini wa'azin aljanu. A tsakar gidansa kuwa yara na ta guje-guje, rabinsu da laƙabin 'yan ƙwallon Turai ake kiransu, babu wanda ya taɓa buɗe waya ya binciki kakannin waɗannan. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Amma ƙanin uba ne, a gaban mutane, na haɗiye.

Sai ya yi abin da ya san ba ni da maganinsa. Ya sassauta murya, ya sa hannu a ƙirji. "Yaron nan sunan yayana za a mayar. Ko kana da ja a kan sunan mahaifinka?"

Wa zai ce yana da ja? A gabana ya kira Liman a Gumel ya shaida masa, ya kira sauran dangi. Ya zauna yana shan shayinsa kamar wanda ya ci yaƙi. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a ranar ba, kuma ban taɓa jin kaina ƙarami haka ba.

Da na koma Abhur na tarar da Alfredo yana gurza cuku. Na gaya masa komai, ban rage ba. Bai daina gurzawa ba. Ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala. Sunan uba ya fi." Da muka tashi ya ɗauko 'yar ledar nan ya miƙa mini, ya ce a kai wa yaro, ko wane suna ya ci kansa na buƙatar hula. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Inshallata ta zama ta mudir.

Na kira Inna na gaya mata abin da aka yanke. "To," kawai ta ce. Sai kuma ta ce, "Wannan bawan Allah da ya yi jinyar taka, yaya ma sunansa?" Na faɗa. Ta maimaita a hankali, tana juya shi a baki kamar goro, ta yi mini sai an jima.

Ranar suna da safe ina kicin, ba a buɗe gida ba tukuna. Ƙanwar Zulai ta haɗa mu a kiran bidiyo, ni daga Abhur, Baffa daga Nuzla ya sha jan ƙyallensa. Alfredo na gefe yana yanka albasa, ya ba mu baya. Liman ya yi huɗuba, aka sanar da suna Idrisu, aka shafa fatiha. Baffa ya yi ta gyaɗa kai yana amsa barka kamar shi ya yi naƙudar.

Aka shiga da wayar cikin gida wajen mata. Inna na zaune a kan tabarma, an ɗora mata jaririn a cinya, da 'yar hularsa da na aika ta hannun wani mai komawa gida.

Inna ta ce, "To, an mayar da Malam, Allah ya raya. Amma ku sani, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunan nan ba, ba kuma a kan jariri zan fara ba. Duk wanda ya kama shi a gabana kuma zai ga ɓacin raina."

Wannan kowa ya sani. Yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiransa da shi, sai an nema masa na alkunya, kuma wanda aka sa masa ranar suna shi zai bi shi har tsufa. Baffa ya san haka sarai, ɗokin ya kayar da ni ne ya mantar da shi. Mata suka fara kawo nasu. Wata ta ce Abba, wata ta ce Halifa, wata ta ce Baba Ƙarami.

Inna ta ce, "Abba nawa ne a layin nan? In ka kira ɗaya, goma ke amsawa. Ni na riga na zaɓa wa mijina suna." Ta ɗaga jaririn ta dube shi. "Alfaredo."

Wuƙar da ke bayana ta tsaya.

Baffa ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika wayar. "Yaya! Yaya, kin san ma'anar abin da kike faɗa kuwa? An bincika! Shawarar aljanu ke nan!"

Tsakanin matar wa da ƙanin miji akwai wasa, kuma Inna ba ta taɓa barin nata ya kwana ba.

"Ajuji," in ji ta, a gaban matan Gumel kaf, da duk wanda ke zaurensa a Nuzla. "Kai ne za ka ba ni labarin aljanu? Su da suka gan ka a bola suka ce ba sa so? In shawararsu ce ta sa bawan Allahn nan ya durƙusa ya wanke wa ɗana ƙafa, to sun fi wanda ya ba ka shawarar ka rufe ƙofa. Sunan yanka ka zaɓa, an sa. Na kira nawa ne."

Guɗa ta tashi. Baffa ya ce wai layi ba kyau, ya ɓace daga wayar.

Inna ta ce, "Kai, ina takwaran? Nuna mini shi."

Na juya wayar. Dattijon ya goge hannu a gaban rigarsa, ya cire hular girki ya riƙe a ƙirji, bai san me ake cewa ba. Inna ta matso da fuskar jaririn, ta nuna shi da yatsa, ta nuna dattijon.

"Alfaredo," ta ce masa.

"Na'am, Mama," in ji shi. Ya dube ni ya ce in roƙe ta ta sake faɗa. Ta sake, har sau nawa ban ƙirga ba. Ya ce albasa ce ta shiga masa ido, na ce ai na gani.

Bai daɗe ba ya koma ƙasarsu. Ni na gaji murhunsa, ni ke dama wa masu jegon Abhur kununsu yanzu, mudir kuma har gobe sadik yake ce mini. Duk wata Zulai na tura hoton yaron, ni kuma in tura wa mai sunan. A katin asibiti an rubuta Idrisu, amma in ka shiga unguwarmu ka tambayi gidan su Idrisu, yawo za ka sha.

Bara Baffa ya je gida ganin dangi. Zulai ce ta ba ni labari. Ya zauna a tsakar gida ya fito da alewa daga aljihu, yaron na can gindin bishiya yana wasa da murfin kwano. Sunan yankan na yayansa ne, bakinsa ba zai iya kama shi ba, balle Inna na zaune. Ɗayan kuma ya rantse ba zai taɓa faɗa ba. Ya yi ta kaɗa alewa yana cewa, "Kai! Kai yaro! Ya sadik, taʿal!" Yaron ko waiwayowa bai yi ba.

Zulai ta ce sai da Baffa ya dubi hagu ya dubi dama, sannan ya rage murya ya ce, "Alfaredo."

Yaron ya yar da murfin ya taho da gudu.